Kifa lensi a bakin lensi don ɗaukar ƙwaron wake: yana aiki, amma ga inda wahalar take

Wani ɗalibin aikin gona ne ya aiko da wannan tambaya: "Salamu alaikum. Ina binciken kammala karatu a kan ƙwaron da ke huda wake a ajiya. Ina so in ɗauki hoton ƙwaron da ƙwayayen da yake mannawa a jikin wake, amma ba ni da kuɗin lensin makro, wanda ake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi daga kusa. Kyamarata Canon ce, irin ta masu koyo, ina da lensi 55-250mm da kuma 50mm f/1.8. An ce in na juya ƙaramin na haɗa shi da bakin babban zan samu abin da nake so. Gaskiya ne, ko zan lalata kayana a banza?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya gaya maka bai yi maka ƙarya ba. Dabara ce tsohuwa, tun zamanin fim masu hoto ke yin ta, kuma lensi biyun da ka lissafa sun dace da juna. In ka bi a hankali ba abin da zai lalace. Sai dai ka sani tun yanzu, ƙara wa ƙwaron girma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan, cikin minti biyar za ka gan shi ya cika maka allo. Samun hoton da za ka iya sawa a takardar bincikenka ba tare da kunya ba, nan ne gizo ke saƙa.

Bari in fara da dalilin juyawar, don in ka gane shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Lensin 50mm an ƙera shi ne ya karɓi haske daga abu mai nisa ta gabansa, ya tattara shi a bayansa a kan sensa, wato ɗan faifan cikin kyamara da hoto ke sauka a kai, wadda ke kusa da shi ƙwarai. Duk gyaran da masu ƙira suka yi wa gilasansa sun yi ne a kan wannan tsari: nesa ta gaba, kusa ta baya. To kai abin da kake son ɗauka yana kusa. In ka juya lensin, ƙwaron ya zauna daidai inda sensa ta saba zama, hasken da ya taso daga jikinsa ya ratsa ta baya ya fita ta gaba a miƙe, kamar hasken da ya taso daga wani dutse can nesa. Babban lensin da ke jikin kyamara kuwa, da ma irin wannan hasken ya saba karɓa. Sai ya tattara shi a kan sensa yana zaton hoton nesa yake ɗauka. Kowanne a cikinsu yana aikin da aka ƙera shi dominsa, shi ya sa hoton ke fita da kyau fiye da yadda mutum zai zata daga haɗin gambiza. Madubin binciken ƙwayoyin cuta na zamani ma haka aka gina shi: ƙaramin gilashi kusa da abin da ake dubawa, sai wani a bayansa mai tattara hasken, wanda a na kamfanin Nikon tsawonsa 200mm ne, a na Olympus 180mm.

Lissafin girman ba shi da wuya. Ka raba lambar babban lensi da lambar wanda ka juya. In ka tsayar da zum ɗinka a 100mm, 100 raba 50 ya ba ka ninki 2. A 200mm ninki 4, a 250mm ninki 5. Ma'anar ninki 4 ita ce abu mai tsawon milimita 1 zai kwanta a kan sensa da tsawon milimita 4. Sensar irin kyamararka faɗinta milimita 22.3 ne. Ke nan a ninki 2 abin da zai shiga hoton daga gefe zuwa gefe bai wuce milimita 11 ba, wato ƙwayar wake guda ta kusa cika shi. A ninki 4 kuwa milimita 5 da rabi ne kacal. Ƙwaronka tsawonsa wajen milimita 3 ne, zai cinye rabin hoton. Ƙwansa bai kai milimita ɗaya ba, shi ne zai buƙaci ninki 4 ko 5 in kana son a ga siffarsa sosai. Lensin makro na gama-gari da kake cewa ba ka da kuɗinsa, mafi yawansu a ninki 1 suke tsayawa. Ka ga ashe abin da ke cikin jakarka ya wuce su girma.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada da hannu. Sa 55-250mm a kyamara, kashe fokas mai sarrafa kansa, murɗa shi zuwa nesa, wurin alamar nan mai kama da takwas a kwance in lensinka yana da ita, in ba shi da ita ka saita shi a kan wani gini mai nisa ka bar shi haka. Cire murfi biyu na 50mm, juya shi, kara bakinsa da bakin babban a hankali, ƙarfe da ƙarfe, kada gilashi ya taɓa gilashi. Kusanci rubutun jarida har ya fito. Abu na farko da za ka gani a 55mm ko 70mm shi ne baƙin zobe ya kewaye hoton, sai ka ce kana leƙe ta cikin bututu. Kada ya tsorata ka. Ci gaba da murɗa zum, za ka ga zoben yana buɗewa har ya fice daga hoton. Inda ya fice, nan ne mafarin wurin aikinka. A zum irin naka yawanci sai an kai wajen 100mm ko an ɗan wuce, domin ƙofar haskensa, wato ramin da ake buɗewa ko ragewa don daidaita hasken da ke shiga, tana can ciki nesa da baki, ƙaramin lensin kuma yana tare mata hasken gefe.

In gwajin ya gamsar da kai, abin da za ka saya zobe ne guda ɗaya, mai tiredi, wato zaren murɗawa irin na jikin kusa, a fuska biyu, duka na waje, yadda kowane ɓangare zai murɗu cikin bakin lensi inda ake ɗaura filta. Duba bakin kowane lensi ko cikin murfinsa, za ka ga wata da'ira da aka ja wa layi a tsakiya tare da lamba. Na 55-250mm 58 ne. Na 50mm f/1.8 ya danganta: tsohon samfuri mai lamba II 52 ne, sabon mai STM 49 ne. Ke nan ko dai zoben 58 da 52, ko 58 da 49. A nan mutane da yawa ke yin asara, su sayo zoben da ake ƙara wa filta girma da shi, wanda gefe ɗaya tiredin waje ne ɗayan na ciki. Lambobin iri ɗaya ne a jikin kwali, amma ba zai haɗa maka lensi biyu ba. Ka duba hoton zoben da kyau kafin ka biya.

In zoben ya yi wuyar samu, ana haɗa shi a gida. Tsofaffin filta biyu da suka tsage, ka fasa gilasansu ka share tas, ka manna su fuska da fuska da gam mai ƙarfi irin na ruwa biyu da ake cakuɗawa, tiredin waje yana kallon waje ta kowane gefe, ka bar shi ya kwana. Sharaɗin kawai su zauna daidai a tsakiyar juna, in ɗaya ya karkace gefe guda na hoton zai riƙa fita dishi-dishi. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne baƙin tef na masu wayarin. Na yi shi a farkon koyona, na naɗe lensi biyu na ji sun kama gam. Ana zafin bazara, ina durƙushe ina bin wata tururuwa a gindin bango, gam ɗin tef ya narke bai yi mini sallama ba, sai ƙarar faɗuwar 50mm na ji a kan siminti. Gilashin bai fashe ba, amma zoben fokas ɗinsa bai sake juyawa daidai ba har na rabu da shi.

Da zobe ma akwai hattara. Bakin zum ɗinka roba ne, kuma yana zurowa waje in ka kai shi 250mm. Lensin 50mm f/1.8 II nauyinsa giram 130 ne, ba wani abu ba ne, bakin zai ɗauka. Amma kada ka bar fokas mai sarrafa kansa a kunne, domin a tsofaffin samfuran 55-250mm bakin yana juyawa in ana fokas, ƙaramin injin da ke ciki zai yi ta kokawa da nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Kashe shi, ka kashe na'urar hana girgiza ita ma in kyamarar tana kafe. Kuma duk lokacin da za ka ɗaga, tallafi lensin da tafin hannu.

Tazarar da ke tsakanin lensi da ƙwaro ba ta canzawa, ko kana ninki 2 ko 5. Wannan yana ba mutane mamaki, amma in ka tuna bayanin farko za ka ga dalili: ƙwaron yana zaune ne a mazaunin sensa. A tsarin Canon EF tazarar daga bakin da ake ɗaura lensi zuwa sensa milimita 44 ce, a Nikon F 46.5. To wannan ce tazararka, wajen santimita 4, kaurin yatsu biyu da ɗan ƙari. Murɗa fokas ɗin babban lensi ba zai sauya ta da wani abin kirki ba. Saitin fokas a wannan aiki da matsar da kyamara ake yi, ko matsar da abin da ake ɗauka.

Yanzu ga maganar da aka fi saɓani a kanta, ƙofar haske, wadda ake aunawa da lambar f: in lambar ta ƙaru, ramin ya ƙanƙance. Lensi biyu, ƙofa biyu, wacce za a rage? Koyarwar da muka taras ita ce ka bar wanda ka juya a buɗe wangalau, ka rage ta babban, tunda ita ce kyamara ke iya sarrafawa. Yana da sauƙi, kuma yana aiki. Amma akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ramin 50mm f/1.8 a buɗe faɗinsa wajen milimita 28 ne, wato 50 raba 1.8. A 200mm, 200 raba 28 ya ba ka kusan f/7. Ke nan ko kyamara ta rubuta maka f/5.6, hasken da ke isa tsakiyar sensa na f/7 ne, kuma ƙofar babban lensi ba ta fara yin tasiri sai ka kai f/8. Na biyu, in ka rage ta babban, hasken da ke zuwa gefen hoto yana bi ne ta gefen gilasan ƙaramin lensi, inda suka fi rauni. Sakamakon shi ne tsakiya ta fito tangaran, gefe kuma ya jiƙe, wani lokaci har da jan layi da shuɗi a bakin abubuwa.

Ni abin da na zauna a kai bayan gwaji da yawa shi ne akasin haka: babban a buɗe, a rage ta wanda aka juya. Hasken kowane sashe na hoton sai ya bi ta tsakiyar ƙaramin lensi, gefe ya gyaru. Illarsa ita ce a wasu haɗe-haɗen baƙin zoben nan yana dawowa, musamman a gajeren zum. Don haka kada ka ɗauki maganata kamar yankan wuƙa. Shimfiɗa takardar kuɗi, wadda ke da ƙananan zane har gefe, ka ɗauka ta hanya biyun, ka buɗe su a kwamfuta ka duba kusurwoyi. Rabin awa zai ɗauke ka, kuma amsar da za ka samu ta kayanka ce.

In ka bi hanyata, ga lissafin da za ka riƙe: lambar ƙofar da ka sa wa ƙaramin lensi, ka ninka ta da yawan ninkin girma, ita ce ƙofarka ta gaskiya. f/4 a ninki 4 ya zama f/16. f/8 a ninki 4 ya zama f/32. Wannan yana da muhimmanci domin haske in ya ratsa rami ƙanƙane yakan bazu, daga wajen f/16 zuwa sama hoton irin sensarka yana fara laushi ko'ina, a f/32 kuwa gashin jikin ƙwaron zai narke ya zama kamar an shafa masa man kaɗanya. Mai koyo yakan ga fokas ya yi siriri sai ya ruga f/16 a jikin lensin, bai san ya kai kansa f/64 ba. A ninki 2 ka tsaya tsakanin f/5.6 da f/8. A ninki 4 tsakanin f/2.8 da f/4. A ninki 5 kada ka wuce f/4.

Matsalar ita ce lensin Canon EF ba shi da zoben ƙofar haske a jikinsa, tun da aka fito da tsarin a 1987 lantarki ke sarrafa ta, in ka cire shi daga kyamara a buɗe yake zama. Dabarar da ake yi: ɗaura 50mm a kyamara yadda aka saba, sa f/4, danna ɗan maɓallin nan na duba zurfin fokas da ke kusa da gindin lensi in kyamararka tana da shi, kana danne da shi ka murɗe lensin ka cire. Ƙofar za ta tsaya a f/4 har sai ka mayar da shi. Kamfanin bai koyar da wannan ba, cire lensi ne kyamara tana kunne, amma masu wannan aiki sun daɗe suna yi, ni ma na yi ba adadi. In naka mai STM ne, ka kai fokas ɗinsa nesa kafin ka cire, don da zarar ya rabu da kyamara zoben fokas ɗinsa ba ya motsa komai. Masu Nikon nasu daban ne: lensi mai harafin G in an cire shi rufewa yake yi ƙurmus, sai an tokare ɗan ƙarfen da ke bayansa da guntun kwali, mai harafin D kuwa yana da zobensa, ba wata wahala.

Shi ya sa nake cewa in ka ci karo da tsohon lensin kyamarar fim a wurin masu gyara ko a akwatin wani tsohon mai hoto, kada ka raina shi. Tunda juya shi za ka yi, ba ruwanka da ko na wane kamfani ne, tiredin bakinsa kaɗai ne ya dame ka. Helios 58mm f/2 da ke zuwa da kyamarar Zenit ta Tarayyar Sobiyet, ko Takumar na Pentax, ko 50mm na Yashica, duk suna da zoben ƙofa da za ka murɗa da hannu kana kallo. Ka haska shi da tocila ka tabbatar ba furfurar danshi a cikin gilasan. Sun fi na roba nauyi, wannan ka tallafa da kyau. In ka samu 28mm, a kan 200mm zai ba ka ninki 7, amma wannan ba na yanzu ba ne.

Ba na yanzu ba ne saboda zurfin fokas, wato kaurin wurin da ke fitowa sarai. A ninki 2 da ƙofar gaskiya f/11, kaurinsa wajen milimita 0.1 ne, daidai kaurin farar takarda guda. A ninki 4 da f/16 ya sauka zuwa wajen 0.04, bai kai kaurin gashin kai ba. Duk lokacin da ka ninka girma sau biyu, in ƙofar gaskiya ba ta canza ba, zurfin yana raguwa sau huɗu. Ƙwaronka kuwa kaurinsa ya haura milimita ɗaya. In idonsa ya fito, bayansa hazo ne. In bayansa ya fito, ƙafafunsa sun ɓace. Ba laifin lensi ba ne, wanda ya sayi Canon MP-E 65mm, lensin da kamfanin ya fitar a 1999 musamman don ninki 1 zuwa 5, shi ma da wannan yake fama. Saboda haka ka fara a ninki 2, ka yi mako guda a nan kana ɗaukar wake mai huji da ƙwai a jikinsa. Yawancin hotunan da bincikenka ke buƙata ma a nan za su fito: ramin da ƙwaron ya fita mai da'ira kamar an huda da kusa, yawan ƙwai a kan ƙwaya guda, bambancin sabon ƙwai mai sheƙi kamar ɗigon ruwa da wanda ya koma fari bayan tsutsar ta huda ta shige cikin waken.

Girgiza ita ce abokiyar gaba ta biyu. A ninki 4 numfashinka kaɗai yana fitar da ƙwaron daga hoton. Manta da riƙewa a hannu. Ƙafar kyamara mai araha ma ba ta cika isa ba, tana lilo. Abin da ya fi mini shi ne katako mai kauri guda, a ɗaure kyamara a gefe ɗaya da kusa mai tiredi ta ramin da ke ƙasanta, abin ɗauka a ɗaya gefen, a kan katakon dai. In abu ya girgiza sai su girgiza tare. Ajiye shi a ƙasa a kan siminti ya fi tebur. Kashe fanka. In janaretan maƙwabta yana aiki kusa da bangonka, buɗe allon kyamara ka ƙara girman hoton sau goma, za ka ga waken yana rawa, ka jira a kashe. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka ya bar kyamara kafin ta ɗauka, kuma ka ɗauka ta allo, madubin ciki yana ɗage, kada bugunsa ya girgiza ta.

Maganin girgiza na gaske dai filashi ne. Walƙiyarsa in an rage ƙarfinsa zuwa 1/8 ko 1/16 gajeriya ce ƙwarai, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubbai na daƙiƙa, tana daskarar da komai. Sa shata a 1/200, ISO 100 ko 200, ɗakin da ɗan duhu, sai ya zama hasken filashi kaɗai ya zana hoton. Filashin kan kyamara ba zai isa wurin ba, dogon lensin ya tare shi, inuwarsa ce za ta faɗa kan waken. Ko dai ka samu na waje ka ajiye shi a gefe, ko ka lanƙwasa farin kwali daga saman kyamara zuwa bakin lensi ya karkato da hasken ƙasa. Kuma kada ka haska kai tsaye. Jikin ƙwaro da fatar wake suna da sheƙi, za ka samu farin tabo mai ƙona ido da baƙar inuwa. Yanke gindin farin kofin roba ko ka naɗe farar takarda kamar bututu, ka kifa a kan waken, ka bar ƙofar da lensi zai leƙa, ka haska jikin takardar daga waje. Hasken zai kewaye ƙwaron ta ko'ina, a nan ne za ka fara ganin zanen bayansa da gashinsa. Bambancin hoton da aka yi da wannan kofi da wanda ba a yi ba ya fi bambancin lensi mai tsada da mai araha.

In kana son ƙwaron ya fito sarai daga kai har ƙafa, hoto ɗaya ba zai yi ba. Ana ɗaukar da yawa ne, kowanne an matsa gaba kaɗan, sannan manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗa su hoto guda. Helicon Focus da Zerene Stacker su ne sanannu, na kuɗi ne amma suna ba da lokacin gwaji, CombineZP kyauta ce, Photoshop ma yana yi. A ninki 4, ƙwaro mai kaurin milimita ɗaya da rabi zai ci hoto 40 zuwa 50, don dole kowane mataki ya ɗan hau kan na baya. Matsarwar ita ce aikin. Kusar M6 ta gama-gari in ka juya ta zagaye ɗaya tana tafiya milimita 1 daidai. In ka sa ta tana tura ɗan katakon da waken ke kai, ka manna mata faifan kwali da ka raba gida 30, kowane gida ya ba ka wajen 0.03. Amma kai ɗalibi ne, kana da abin da ya fi wannan: tsohon madubin bincike da aka jingine a ɗakin gwaje-gwajenku. Ka roƙi mai kula da ɗakin ya ba ka aron sa. Teburinsa yana hawa da sauka da ƙaramin maɓallin fokas a matakan da hannu ba zai iya ba, sai ka ɗora waken a kai ka kafa kyamara tana kallon ƙasa.

Shi kansa ƙwaron ba zai tsaya maka ba, yawo gare shi. Don hoton tarawa sai matacce. Sa shi cikin kwalba a firiza ya kwana, ka fito da shi ka bar shi a rufe har sanyin ya sake shi, in ba haka ba raɓa za ta lulluɓe shi. Share shi da burushin zane mai laushi, domin ƙurar garin wake da ido ba ya gani a ninki 4 kamar duwatsu take fitowa. Ka ɗauki mace da namiji ta baya: farantin da ke ƙarshen cikin macen ya fi girma, da duhu a gefe biyu, kuma wannan ita ce alamar da malaminka zai nema. Mai rai kuwa, 'yan mintoci a firij suna rage masa kuzari, ka samu hoto biyu ko uku kafin ya farfaɗo.

Tunda aikin bincike ne, kada ka dogara da lissafin ninki wajen faɗin tsawon abu. Lambobin jikin zum kimantawa ne, 50mm ɗin ma ba cif yake ba. Duk lokacin da ka gama ɗauka, kafin ka taɓa zum, ɗora rula a mazaunin waken ka ɗauki layukan milimita. Da wannan hoton za ka auna komai, da shi kuma za ka zana ɗan layin ma'auni a ƙasan hotunanka. Ka kuma manna wa zoben zum ɗan tef don kada ya zame, musamman in kyamara tana kallon ƙasa, nauyin 50mm yana jan sa.

Akwai inda wannan haɗi bai dace ba, gara in faɗa maka. In wata rana aikin ya kai ka gona kana bin ƙwari masu rai a kan ganye, tazarar santimita 4 ta yi kaɗan, kafin ka kusanta sun tashi, kuma lensin yana tare maka rana. Lensin 50mm da aka juya daidai yake da gilashin kusantarwa mai ƙarfin +20. Raynox DCR-250, wanda ake maƙalawa a bakin lensi, +8 ne, a kan 250mm zai ba ka ninki 2 daga tazarar wajen santimita 12, kuma ƙofar haske tana hannun kyamara. Don gona shi zan zaɓa. Akwai kuma juya lensi ɗaya kai tsaye a jikin kyamara, amma 50mm a haka ko ninki 1 da ƙyar yake kaiwa, kuma duk canji sai ka buɗe cikin kyamara. Don teburin ɗaki da ƙwan da bai kai milimita ba, haɗin da ka tambaya ya fi su.

Saura kula da kaya. Bayan lensin da ka juya yanzu shi ne a gaba, gilashinsa da 'yan ƙarafan lantarkinsa a fili, santimita 4 daga abin da kake matsowa. Nemi murfin baya na biyu, ka yanke tsakiyarsa da wuƙa mai zafi ka bar zoben, ka ɗaura. Zai kare gilashin daga karo, ya kuma tare hasken filashi da ke shiga ta gefe yana wanke hoton. A lokacin hunturu kuwa, duk ƙurar da ta sauka kan sensa za ta fito baƙaƙen ɗigo a irin wannan ƙofa, in ka tara hoto 50 sai kowane ɗigo ya zama dogon layi kamar sawun tsutsa. Kafin ka fara, ɗauki farar takarda ba fokas ka duba, in akwai ɗigo ka hura da famfon roba na kyamara, ba da baki ba. Zoben haɗin kuma kada ka ɗaure shi da ƙarfi, alminiyon ne siriri, yana cijewa a cikin tiredin roba. In ya cije, kada ka kama shi da filaya. Cire ɗaya lensin, kifa zoben a kan tafin takalmin roba mai tsabta, danna daidai, ka murɗa lensin hagu, zai saki.